Ƙusoshin da suka ƙi yin tsatsa

Jiya na miƙa makullin ɗakin gwaje-gwaje bayan shekara tara ina riƙe da shi. Ina kwashe tarkacena daga kabad ɗin baya sai ga kwalin ƙusoshin nan, rabi na nan ba a taɓa ba, kuma har yau babu ko ɗaya da ta yi ja a cikinsu. Wallahi na daɗe a tsaye ina kallonsu, don waɗannan ƙusoshin su suka jawo min takardar tuhuma ɗaya tilo da ke cikin fayil ɗina, kuma su ne suka sa na fahimci darasin tsatsa da gaske, bayan na yi shekara biyu ina koyar da shi daga littafi kawai.

Duk wanda ya koyar da kimiyya ya san gwajin kwalabe uku. Ta farko ƙusa da ruwa a buɗe iska na shiga, ta biyu ƙusa cikin ruwan da aka tafasa aka kori iskar da ke ciki sannan a zuba mai a sama ya rufe, ta uku ƙusa da busasshen kalsiyam kulorayid a toshe baki don ya shanye laima. Bayan 'yan kwanaki ta farko ce kaɗai za ta yi tsatsa, yara su gani da idonsu cewa sai ruwa da oksijin sun haɗu ƙarfe ke tsatsa, in aka cire ɗaya shikenan. A shekarata ta biyu aka ce masu duba makarantu za su zo, shugaban sashenmu ya ce wannan darasin zan yi a gabansu, shi da kansa ya kawo min ƙusoshi sababbi fil a kwali, wai kada baƙi su ga muna aiki da tsofaffi. Na karɓa na yi godiya, na haɗa kwalabe kwana biyar kafin ranar, na jera a kan kanta, ban ƙara leƙawa ba saboda a ganina ai abu ne da ba ya ƙi.

Ranar ta zo, aji ya cika, baƙi biyu na zaune a baya da takardunsu. Na yi bayani tiryan-tiryan, na ce wa wani yaro ya ɗauko kwalba ta farko ya faɗa wa aji abin da ya gani. Ya ɗaga ya juya ya sake juyawa ya ce Malam babu komai. Na karɓa da hannuna, ƙusa na nan launin toka yadda na saka ta, ruwa bai yi ja ba ko kaɗan, sai wani ɗan farin gari da ya kwanta a ƙasan kwalbar. Zufa ta keto min. Wata yarinya a layin gaba, ba zan manta da ita ba, ta ɗaga hannu ta ce Malam to wannan farin abin mene ne, ni kuwa maimakon in tsaya mu bincika tare sai na ce ta sauke hannu, na juya allo na rubuta sakamakon da littafi ya ce a samu, na ce kowa ya kwafa. Yara arba'in da wani abu suka rubuta cewa ƙusa ta yi tsatsa alhali tana gabansu ba ta yi ba. Wannan shi ne abin da har yau yake cin raina, ya fi takardar tuhumar ciwo nesa ba kusa ba.

Da yamma na zauna ni kaɗai na kankare ƙusa ɗaya da sanfefa, sai ga ƙarfe mai sheƙi ya fito daga ƙarƙashin tokar. Ashe ƙusoshin masu rufin tutiya ne, wato zinki, irin waɗanda ake tsomawa cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 musamman don kada su yi tsatsa. Farin garin da yarinyar ta gani tutiyar ce ke cinyewa a madadin ƙarfen. Amsar tambayarta ita ce rabin darasin da zan koyar a mako na gaba, hanyoyin hana tsatsa, ga ta a hannuna a gaban baƙi amma tsoro ya rufe min ido.

Washegari na je ofishin shugaban sashe da ƙusar a hannu, na ce ranka ya daɗe ga abin da ya faru. Ko kallonta bai yi ba, takardar ma an riga an buga, wai na kunyata sashe saboda rashin shiri. Rashin shiri kam na yarda, da na leƙa kwalaben a kwana na biyu da na gane, amma ko a layi ɗaya bai rubuta cewa shi ya kawo kayan ba, kuma a taron malamai ya maimaita labarin har sau biyu ba tare da wannan ɓangaren ba. Ban taɓa ɗaga maganar ba tun daga ranar, amma ban manta ba, kuma ba na jin zan manta.

Abin da na yi shi ne na koma wa ajin nan na ce su buɗe littafi su soke abin da na sa su rubuta, na ba yarinyar haƙuri a gaban kowa, muka sake gwajin daga farko. Wannan karon kwalabe bakwai muka jera. Uku na asali da ƙusoshin da muka goge da sanfefa muka wanke maiƙon jikinsu, ta huɗu ruwan gishiri, ta biyar ƙusa mai tutiya da muka karce da gangan, ta shida ƙusa da muka naɗe da zirin magniziyam, wani nau'in ƙarfe mara nauyi, ta bakwai kuma muka naɗe ta da wayar jan ƙarfe. Kwana uku kawai, ruwan gishirin ya yi jawur, mai wayar jan ƙarfen ita ma ta ci tsatsa sosai, mai magniziyam kuwa tas da ita sai zirin ne ya fara zagwanyewa, wadda muka karce ma wurin karcewar bai yi ja ba. Tun daga nan ban ƙara wahalar koyar da jerin ƙarfin karafa ba, wato jerin da ke nuna wanne ya fi wani saurin cinyewa, yara da kansu suke cewa magniziyam da tutiya suna sama da ƙarfe, sun fi shi saurin sakin elektiron, don haka su ake fara ci, shi kuwa jan ƙarfe da kuza suna ƙasa da shi, in suka haɗu da ƙarfe a cikin ruwa ƙarfen ne zai tafi. Shi ya sa gwangwani mai rufin kuza yana lafiya muddin rufin bai fashe ba, yana karcewa sai ya fi ƙarfe tsirara saurin lalacewa, amma kwanon rufi mai tutiya ko an karce shi yana nan da kariyarsa har sai tutiyar ta ƙare. Wannan tambayar kusan kullum sai ta fito a jarrabawa, kuma ɗalibaina ba sa faɗuwa a kanta, wannan kam ina faɗa da bakina.

Daga baya na karanta cewa a 1824 wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Humphry Davy, ya liƙa guntayen tutiya da ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ake lulluɓe jiragen ruwan sojan Ingila da shi, jan ƙarfen ya daina cinyewa, amma sai ciyayi da halittun ruwa suka riƙa manne wa jiragen saboda dama narkewar jan ƙarfen ce ke korarsu. Ina son ba yara wannan labarin, don su ga ko manyan masana gwajinsu na fito da abin da ba su zata ba, kuma rubutawa suke yi yadda ya fito. Har yau dabararsa ake bi, ana liƙa tubalan tutiya a jikin jiragen ruwa, ana haɗa magniziyam da bututun da aka binne a ƙasa, in sun cinye a canza.

Sauran abubuwan da na koya ba su da dogon labari. Kada yaro ya rubuta iska kawai, ya rubuta oksijin, kashi 21 cikin 100 ne na iskar, kuma kada ya manta da ruwa. Gishiri ba shi ke kawo tsatsa ba, hanzarta ta yake yi, haka ma asid. Tsatsa sunan na ƙarfe ne da dangoginsa, alminiyam shi ma yana haɗuwa da oksijin amma fatar da yake yi siririya ce mai manne wa jiki ta kare na ciki, ita kuwa tsatsa ɓarewa take yi ta buɗe sabon wuri, ga kumburi, shi ya sa rodi in ya yi tsatsa a cikin kankare yake tsaga shi. Ƙusa in ta yi tsatsa nauyinta ƙaruwa yake yi in aka auna har da ɓawon, yara da yawa suna cewa raguwa. Fenti da giris da roba katanga ce kawai, ana fasa ta an gama, hasumiyar Eiffel da ke Faris ma kusan duk shekara bakwai sai an sake mata fenti wajen tan 60. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa, wanda wani masanin karafa, Harry Brearley, ya haɗa a Ingila a 1913, sirrinsa kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ke yin fatar da ke gyara kanta in an karce.

Malamar da za ta karɓi ajin na bar mata kwalaben bakwai a wanke, kowace da lambarta, da sauran zirin magniziyam a cikin kwalba mai murfi. Malama ki tafasa ruwan sosai, ki zuba man tun da zafinsa kafin iska ta koma, ki goge ƙusoshin da hannunki ko wane ne ya kawo su, ki leƙa kullum da safe. Kwalin nan ma na bar miki shi, na rubuta masu tutiya a jikinsa da jan biro, na kwalba ta biyar ne.