Mayafi mai da'ira: na rufe zagaye na 22

'Yan uwa masu koyon saƙa, barkanmu da war haka. Yau sati uku ke nan da na ɗora mayafin nan, jiya da daddare kuma na rufe zagaye na 22. Na shimfiɗa shi a kan tabarma na gwada da tef ɗin tela, ya ba ni santimita 60 daga baki zuwa baki. Rabin faɗin ke nan, don 120 nake nema, yadda in an ninka shi biyu zai rufe kafaɗa ya sauko har gwiwar hannu. Zaren ulu ne ruwan ƙasa, kwarashi mai milimita 4.

Lissafin ba wuya a baki. Na fara da dogon ido 12 (ido shi ne kowane ɗaurin saƙa guda) a cikin zoben zare, kowane zagaye a ƙara 12: na biyu 24, na uku 36, haka har gaba. A hannu ne ake gane shayi ruwa ne. Ina zagaye na 14 sai na ga bakin yana tasowa, abin da ya kamata ya kwanta kamar faifai ya koma ƙwarya. Na danna da tafin hannu, na ɗora matashi a kai ya kwana, a banza. Da na zauna na ƙirga, 151 na samu maimakon 168. Hira ce ta cinye min ƙarin, ranar da muka yi baƙi. Zagaye uku na warware, ƙanwata tana naɗe zaren tana min dariya.

Tun daga nan ba na yarda da idona. Da'irar na raba gida 12, kowane gida na saƙala guntun jan zare, in na iso shi na san akwai ƙari. Sai dai wannan ma da nasa: ƙari ya riƙa hawa kan ƙari, kusurwoyi suka fara fitowa. Yanzu duk zagaye ina gusar da wurin ƙarin kaɗan, bakin ya dawo sumul.

Zagaye ɗaya yanzu ido 264 ne, yana cin min daga bayan isha'i har barci ya fara fizgata. Ƙwallon zare biyu suka rage, kuma na san ba za su kai ni ba. Gobe zan shiga kasuwa da takardar jikin zaren a jaka, don a dubo min mai lambar rini iri ɗaya, kada launi ya bambanta a tsakiyar aiki. Ina so in gama kafin hunturu ya kankama.