Gasar Masters ta 2025: yadda Rory McIlroy ya cika manyan kofuna huɗu a Augusta

Wanda ya dubi allon sakamakon gasar Masters ta shekarar 2025 kawai zai ga cewa Rory McIlroy na Ireland ta Arewa da Justin Rose na Ingila sun kammala kwanaki huɗun da bugu 277 kowannensu, sannan McIlroy ya yi nasara a ramin farko na bugun raba gardama. Allon ya faɗi gaskiya, amma bai nuna irin wahalar da aka sha kafin a kai ga hakan ba. Na kalli zagayen ƙarshe a talabijin ranar Lahadi 13 ga Afrilu har dare ya raba a agogon Najeriya, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa McIlroy bai lashe wannan gasa da wasa marar aibi ba. Ya yi kurakuran da suka isa su kayar da kowane ɗan wasa, sai dai a duk lokacin da ya yi ɓarna, bugun da ya biyo baya kan zamo daga cikin mafi kyau da ya yi a wannan mako.

Ga wanda bai saba da ƙwallon lambu ba, wato golf, lissafin ba shi da wuya. Filin Augusta National da ke jihar Jojiya ta Amurka yana da ramuka 18, kuma kowane rami yana da adadin bugun da aka ƙayyade masa, uku ko huɗu ko biyar, wanda jimillarsu ta kama 72. Ana zagaya filin sau ɗaya a kowace rana daga Alhamis zuwa Lahadi, kuma wanda ya fi kowa ƙarancin bugu shi ne zakara. Idan ɗan wasa ya jefa ƙwallo a rami da bugu ɗaya ƙasa da ƙa'ida ya samu ragi, idan ya zarce ta ya yi ƙari. Saboda haka bugu 277 yana nufin 11 ƙasa da ƙa'idar kwanakin huɗu, wadda take 288. Masters, wadda aka fara a 1934, ita kaɗai ce daga cikin manyan gasa huɗu na maza (sauran su ne US Open, Open ta Birtaniya da PGA) ake bugawa a fili guda kowace shekara, kuma tun 1949 ake sanya wa wanda ya lashe ta koriyar kwat.

Nauyin da McIlroy ya shigo da shi ya samo asali ne daga wannan fili. A 2011, yana ɗan shekara 21, ya wayi garin Lahadi yana gaban kowa da bugu huɗu, amma ya tashi da 80, Charl Schwartzel na Afirka ta Kudu ya ɗauki kwat ɗin. Bayan wata biyu ya lashe US Open, ya ƙara da gasar PGA a 2012, sannan a 2014 ya haɗa Open ta Birtaniya da PGA ta biyu. Daga nan Masters kaɗai ta rage masa ya shiga sahun waɗanda suka lashe manyan gasar huɗu duka, kuma daga nan ne ƙofa ta rufe masa har kusan shekara 11. Cameron Smith ya wuce shi a ranar ƙarshe ta Open ta Birtaniya a St Andrews a 2022, Wyndham Clark ya doke shi da bugu ɗaya a US Open ta 2023, sai kuma mafi ciwo a US Open ta 2024 a Pinehurst, inda ya zubar da gajerun bugu biyu a cikin ramuka uku na ƙarshe, Bryson DeChambeau ya ɗauke kofin. Wannan shi ne karo na 17 da ya halarci Masters, kuma karo na 11 da ya zo neman cika huɗun.

Ranar Alhamis ta Rose ce, domin ya buga 65 ya ba kowa tazara. McIlroy yana huɗu ƙasa da ƙa'ida bayan ramuka 14, sai wani ɗan gajeren bugu ya zarce dandalin rami na 15, wato shimfiɗaɗɗiyar gajeriyar ciyawar da ramin ke cikinta, ya faɗa ruwa, ya yi ƙari biyu, ya sake yin irinsa a rami na 17, ya tashi da 72, bugu bakwai a bayan Rose. Ranar Juma'a ya dawo da 66, kuma a rami na 13 ya yi wani bugu da zan sake ambata a gaba: daga cikin busassun ganyen itatuwan gefe ya tsallake rafin da ke gaban dandalin a bugu na biyu, ya samu ragi biyu. A ranar ce kuma Bernhard Langer na Jamus, zakaran 1985 da 1993, ya yi ban kwana da gasar yana da shekara 67, bugu ɗaya ya hana shi tsallakewa zuwa kwanaki biyun ƙarshe. Tiger Woods bai halarta ba, saboda jijiyar agararsa ta tsinke a watan Maris.

Ranar Asabar McIlroy ya buɗe da bugu uku-uku a ramuka shida na farko a jere, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar, ya sake tashi da 66, ya kai 12 ƙasa da ƙa'ida. Rose ya yi 75 ya koma baya da bugu bakwai, daidai tazarar da shi ya ba McIlroy kwana biyu kafin nan. DeChambeau kuwa ya jefa wata doguwar ƙwallo a rami na 18 ya matso bugu biyu a baya, lamarin da ya haɗa shi da McIlroy a rukunin ƙarshe, wata goma bayan abin da ya faru a Pinehurst.

Tazarar bugu biyun ba ta wuce rami ɗaya ba. McIlroy ya yi ƙari biyu a ramin farko, DeChambeau ya samu ragi a na biyu ya karɓe gaba. A wannan lokaci na ji zuciyata ta karye, domin abin ya yi kama da 2011 ƙwarai. Amma McIlroy ya samu ragi a rami na 3 da na 4 yayin da abokin karawarsa ya yi ƙari a duka biyun, ya sake samun ragi a na 9 da na 10, ya kai 14 ƙasa da ƙa'ida da tazarar bugu huɗu. A rami na 11 McIlroy ya yi ƙari ɗaya, DeChambeau kuwa ya jefa ƙwallo a ruwa, kuma daga nan ya fita daga lissafi. Ya faɗa wa 'yan jarida daga baya cewa McIlroy bai yi masa magana ba tsawon yinin. Ban ga laifi a hakan ba, domin mutumin da yake ɗauke da nauyin shekara 14 ba hira ce ta kawo shi fili ba.

Rami na 13 shi ne inda na fi daɗewa ina tunani. Rami ne mai ƙa'idar bugu biyar, wanda ya karkata hagu, rafi na bin gefensa har ya ratsa gaban dandalin. Ranar Juma'a McIlroy ya tsallake rafin daga wuri marar kyau saboda yana bin baya, ba shi da abin da zai yi asara. Ranar Lahadi, yana gaba, sai ya zaɓi taka-tsantsan: ya ajiye ƙwallon kafin rafin da niyyar kai ta dandali a bugu na uku daga yadi 86, nisan da ƙwararren ɗan wasa ba ya ɗauka da wani muhimmanci. Faɗin dandalin duka yana hagunsa, amma ya tura ƙwallon dama, ta gangara cikin rafin. Ya yi ƙari biyu, karo na huɗu a makon, ya bi shi da ƙari ɗaya a rami na 14. Mutane da yawa sun zargi shawarar ajiye ƙwallon, ni kuwa ina ganin shawarar daidai ce ga mai tazara irin tasa, hannu ne ya saɓa. Abin da ramin ya nuna shi ne cewa tsaron abin da ke hannu ya fi yi wa McIlroy wuya a kan neman abin da bai samu ba, kuma haka lamarin yake tun 2011.

Ana cikin haka Rose, wanda ya fita fili tun da wuri, yana ta tara ragi. Shi da McIlroy da Ludvig Åberg na Sweden suka yi kunnen doki a 10 ƙasa da ƙa'ida. A rami na 15 bugun farko na McIlroy ya tsaya a hagu, inda dogayen itatuwa suka tare masa hanya, ga kuma tafki a gaban dandalin, tafkin da ya ci masa ƙwallo ranar Alhamis. Ya ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7 ya lanƙwasa ƙwallon ta zagaye itatuwan, ta tsallake ruwan, ta tsaya kimanin ƙafa 6 daga rami. Bai jefa ta a bugu na uku ba, amma ya samu ragi ɗaya. A ganina wannan ne bugun gasar, ba don wuyarsa kaɗai ba, har da lokacin da aka yi shi, mintuna kaɗan bayan ya zubar da bugu uku a ramuka biyu. A rami na 17 ya sake kai ƙwallo kusa da rami da sanda mai lamba 8, ya koma gaba da bugu ɗaya.

Rose ya riga ya jefa ƙwallo daga kimanin ƙafa 20 a rami na 18, ragi na goma da ya samu a ranar, ya tashi da 66 ya zauna jira. McIlroy yana buƙatar bugu huɗu ne kawai a ramin ƙarshe. Bugun farko ya sauka a tsakiyar hanya, amma na biyu daga yadi 125 ya faɗa kwarin yashi na dama. Ya fito da ƙwallon kimanin ƙafa 5 daga rami, ya buga ta wuce ta gefe. Ya tashi da 73. McIlroy ya ba da labari daga baya cewa a kan hanyarsu ta komawa mafarin ramin, Harry Diamond, abokinsa tun na yarinta wanda ke ɗaukar masa jakar sanduna, ya tuna masa cewa da an yi musu tayin wannan matsayi a safiyar Litinin da sun karɓa hannu bibbiyu. An daɗe ana sukar McIlroy kan riƙe aboki a wannan aiki maimakon ya ɗauki gogaggen mutum, kuma ina ganin wannan magana guda ta isa amsa.

A bugun raba gardama dukansu sun sauka a hanya. Rose ya kai ƙwallonsa kimanin ƙafa 15 daga rami. McIlroy, daga nisan da bai bambanta da wanda ya ɓata masa rai mintuna kaɗan da suka wuce ba, ya jefa tasa bayan rami, gangaren dandalin ya dawo da ita zuwa kimanin ƙafa 4. Rose ya kuskure, McIlroy ya jefa, sannan ya durƙusa a kan ciyawa yana kuka. Scottie Scheffler, zakaran 2024, shi ya sanya masa koriyar kwat. Yana da shekara 35 ya zama mutum na shida da ya cika manyan kofunan huɗu, bayan Gene Sarazen a 1935, Ben Hogan a 1953, Gary Player a 1965, Jack Nicklaus a 1966 da Tiger Woods a 2000, kuma shi ne na farko daga nahiyar Turai. Babu wanda ya taɓa lashe Masters da ƙari biyu har sau huɗu a mako guda kafin shi.

Sauran sakamakon ya kasance haka: Patrick Reed, zakaran 2018, ya zo na uku da 9 ƙasa da ƙa'ida, Scheffler na huɗu da 8, DeChambeau wanda ya buga 75 ya raba matsayi na biyar da Sungjae Im na Koriya ta Kudu da 7, Åberg kuma ya ɓata ramukansa biyu na ƙarshe ya sauka na bakwai da 6. Jimillar kuɗin kyauta dala miliyan 21 ce, McIlroy ya ɗauki miliyan 4.2 daga ciki.

Ba na son a manta da Rose a cikin wannan murna. Yana da shekara 44, ya lashe US Open a 2013 da zinaren Olamfik a Rio a 2016, kuma a ranar Lahadin nan ya fi McIlroy wasa da bugu bakwai cur. Wannan ne karo na uku da ya zo na biyu a Augusta, bayan 2015 da 2017, kuma karo na biyu da ya faɗi a bugun raba gardama, domin Sergio García na Sifaniya ya doke shi a wannan rami na 18 a 2017. Kafin shi, Ben Hogan kaɗai ya taɓa shan kaye sau biyu a raba gardamar Masters. Wata tara kafin nan ma ya zo na biyu a Open ta Birtaniya a Troon, bayan Xander Schauffele. Da ƙwallon McIlroy ta faɗa rami, Rose ya je ya rungume shi, kuma ya shaida wa 'yan jarida cewa ya ji daɗin kasancewa a wurin da aka kafa wannan tarihi, duk da cewa shi ma kwat ɗin ya zo nema.