Asabar, ƙarshen watan Mayu: baibayar ɗaki a wani ƙauye na lardin Kezon, ƙasar Filifin

Yau aka yi gayyar sabunta jinkar gidan maƙwabta, kafin damina ta sauka a watan Yuni. A Filifin ba a wasa da wannan aiki, domin guguwar teku kusan 20 ke shigowa yankin ƙasar duk shekara, kuma Kezon na fuskantar tekun Fasifik, inda suke fitowa.

Gidan irin wanda suke kira bahay kubo ne: an ɗaga shi bisa dirkoki sama da mita ɗaya, daɓen tsagaggen gora ne mai 'yan ƙofofi da iska ke bi, bangon kuma saƙar gora. A ƙarƙashinsa kaji ke kwana, nan ake ajiye itace da kayan noma.

Tun da sanyin safiya maza shida suka hau suka yaye tsohuwar jinka. Da aka buɗe tsaikon, sai ga gora huɗu sun zama gari daga ciki. Aikin wani ƙwaro ne da suke kira bukbok. Gorar da aka sare ɗanya aka ɗora nan take ita yake ci, saboda zaƙin da ke cikinta. Sabuwar gorar da aka sa a madadinsu ta haura shekara uku kafin a sare ta, an jiƙa ta cikin ruwan gishiri na makonni, sannan ta bushe a inuwa. Idan aka shanya ta a rana tsagewa take yi.

Abin rufin ganyen nifa ne, wata kaba da ke fitowa a bakin kogi inda ruwan teku ke shiga. Ana naɗe ganyen a jikin siririyar gora mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, a ɗinke, kusan yadda ake yanta ciyawa. Daga bakin jinka ake farawa a hau zuwa tsororuwa, kowane layi ya rufe na ƙasansa, ana ɗaurewa da igiyar ratan, wani tsiro mai hawa bishiya da ake tsagawa a yi igiya. Nan ne aka ɗan yi gardama. Babban ɗan gidan ya so a buɗa tazara don ganyen ya isa, mahaifinsa ya ce kada ta wuce faɗin yatsu huɗu. Ni dai ina bayan dattijon. Jinka mai tazara ba ta daɗewa take fara yoyo, iska kuma ta samu wurin shiga ta ɗaga ta. Aka tura yaro ya ƙaro ɗauri biyu.

Ƙusa ba ta da amfani a gora, fasa ta take yi. Ɗauri ake yi, ko a huda a sa turken katako.

Ba a biyan 'yan gayya, ciyar da su ake yi. Uwar gida da 'ya'yanta mata sun dafa shinkafa a murhun baya, da romon kaza mai ɗanyen gwanda, citta da ganyen zogale, wanda kusan kowane gida ke da bishiyarsa. Kakar yaran na zaune kan tabarma tana tsaga igiya, duk jikan da ya dawo sai ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa, gaisuwar girmamawa ke nan.

'Yar gidan da ke aiki a ƙasar waje ta so a sa kwano. Kwano ya fi daɗewa, amma ɗakin zafi yake yi da rana, kuma idan guguwa ta fizge shi yakan yanki mutum. Sun shirya kuɗin da take aikowa su tafi kan bulo da siminti na banɗaki.

Da la'asar aka rufe tsororuwa. Gobe za a shimfiɗa tsohuwar komar kamun kifi bisa jinkar a ɗaure ta da dirkoki, a kuma gicciya gora biyu-biyu a kowace kusurwa ta ƙarƙashin gidan don kada ya karkace.