Littafin bashi, da abin da harkar kayan rabo ta koya mini

A ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a kamfanin tallan da na daɗe ina yi wa hidima a Kano. Ba zan kama suna ba, abokan sana'a sun san wurin. Ɓangarena shi ne kayan rabo: biro, riga, laima, kalanda, jaka, duk abin da ake buga sunan kamfani a jikinsa a ba mutane kyauta. Har gobe ina son wannan aiki. Mutum ɗaya ne, wato Ogana, ya sa na bar shi, kuma abin da ya haɗa mu shi ne babban abin da na koya a wurin.

Wani Alhaji mai ƙaramar masana'antar garin sabulun wanki ne ya kawo mana aiki. Kayansa na da kyau, amma manyan kamfanoni sun riga sun cika shaguna. Lokacin kuwa kowa na ji a jikinsa. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wata ɗaya bayan nan aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Galibin kayan rabonmu daga Sin ake shigo da su, don haka kuɗin da a da zai cika mota da kaya ya koma ba ya cika but. Alhaji ya faɗa mana ƙarara cewa abin da ya ware ba shi da yawa, kuma ba ya son ko kwabo ya tafi a banza.

Oga ya ce in kawo shawara. Na bar ofis na shiga kasuwar Singa, daga nan na bi shagunan unguwa a Kurna da Ɗorayi da Hotoro, ina zama a benci ina kallon ciniki. Abin da na gani kowa ya san shi, ba a dai lissafa shi a ɗakin taro. Uwargida ba ta zuwa shago. Yaro take aikowa da kuɗi a dunƙule a hannu, ya ce a ba shi garin wanki na ɗari biyu, mai shago ya miƙa hannu ya tsinko wanda ya ga dama daga jerin da ke rataye. Ashe mai zaɓe na gaskiya shi ne mai shago. Idan za a yi wa wani kyauta, shi ya kamata a yi wa.

To me mai shago ke buƙata? Abin da ya fi taɓawa a yini, bayan kuɗi, shi ne littafin bashi. Tunda rayuwa ta yi tsada, mai albashi da mai aikin hannu duk sai an rubuta musu zuwa ƙarshen wata. Na ga wani dattijo a Kurna da littafin 'yan firamare, bangon ya cire, manja ya jiƙa gefensa, an ɗinke tsakiyar da zaren buhu. Ana cikin ciniki ya hau neman biro, ya ɗaga kwalin ashana, ya duba ƙarƙashin sikeli, a ƙarshe ya ari na wani ɗan makaranta da ya zo sayen biskit.

Na koma na tsara littafi mai bango mai tauri, kowane shafi da layukansa: suna, kaya, kuɗi, rana, an biya. Na sa a rubuta kan layukan da boko, a ƙasa kuma da ajami, saboda da yawa daga masu shagon nan karatun allo suka yi. Na sa a huda kusurwa a ɗaura biro da igiya. Sunan sabulun Alhaji a bango da ƙasan kowane shafi, da lambar dilan da za a kira idan kaya sun ƙare. Wani abokin aiki ya ce mu ɗora ayar bashi ta Suratul Baƙara, aya ta 282, a shafin farko. Na ƙi. Littafin shago idan ya cika ƙasa yake komawa, ko a yage shi a ƙulle gishiri, ban yarda in sa ayar Allah a inda na san za a taka ba. Duk aikin nan a Kano za a buga shi, ba jiran jirgin ruwa, ba canjin dala.

Ranar da muka zauna da Alhaji, ban kai rabin bayani ba Oga ya yi dariya ya tari numfashina. Ya ce, "Alhaji, a yi masa haƙuri, yaro ne, bai san matsayinka ba. Yanzu sunanka guda za mu ɗora a kan littafin bashi? Duk wanda ya ga kayanka ya tuna ana bin sa kuɗi?" Sai ya buɗe jaka ya jera samfur a tebur: biro mai ruwan zinare a cikin akwatinsa, dayari mai bangon fata, kofin shayi, maƙalin makulli. Suna sheƙi. Alhaji ya ɗauki biron ya juya shi, ya ga inda sunansa zai zauna, shi ke nan magana ta ƙare. Ina da mata da 'ya'ya aka kira ni yaro a gaban baƙo, kuma ban ce uffan ba, don ba tarbiyyata ba ce in yi musu da na gaba da ni a gaban mutane.

Kowa a ofis ya san dalili. Kayan da ake oda ta hannun mutuminsa na Legas akwai kasonsa a ciki. Littafin da za a buga a nan gida ba shi da ko sisi.

Kaya suka iso a makare, kuma kaɗan, don kuɗin ba su sayi da yawa ba. Aka raba wa manyan diloli. Biron ya tafi aljihun 'ya'yansu, kofunan suka shiga kabad ɗin matansu, dayarin kuwa da Turanci aka buga shi, ba wanda ya buɗe. Babu abu ɗaya da ya isa shagon unguwa. Da ciniki bai motsa ba Alhaji ya kira yana faɗa, Oga ya ce jerin sunayen da na tsara na rabo ne ya ɓata aikin. Aka ba ni takardar tuhuma, aka hana ni alawus ɗin ƙarshen shekara. Jerin nan da hannunsa ya gyara shi, ya cire ƙananan 'yan kasuwa ya sa abokansa.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Bayan wasu watanni na je sayen madara a shagon unguwarmu, mai shago ya jawo littafi daga ƙarƙashin kanta zai rubuta wa wata yarinya bashin sukari. Bango mai tauri, boko a sama ajami a ƙasa, biro na reto a jikin igiya. Sunan wani kamfanin taliya ne a kai. Oga ya kai musu a matsayin fasaharsa, ta hannun wani ɓangare, ba tare da na sani ba. Na tambayi mai shagon ya yake ganin littafin, ya ce, "Wallahi Malam, wanda ya yi wannan ya san zaman shago." Ya ƙara da cewa taliyarsu yake fara miƙawa yanzu, don sun san darajarsa. Ban gaya masa komai ba. Na biya kuɗin madarata na tafi, raina a ɓace, amma na tabbatar idona bai yi mini ƙarya ba a kan bencin nan na Kurna.

Saboda haka ga masu tasowa a wannan sana'a: duk shawarar da za ku kai wa na sama, ku fara tura ta a rubuce ta imel, da kwanan wata, ku sa wani a kwafi. Kuma idan aka ƙi shawara mai araha aka zaɓi mai tsada ba tare da hujja ba, ku binciki ta hannun wa za a yi odar.

Sauran abubuwan ba su kai wannan ciwo ba, amma suna da amfani. Kyautar da ta fi aiki ita ce wadda ke taimakon mai sana'a a bainar jama'a. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, laimar MTN mai ruwan ɗorawa ke yi wa masu sayar da kati inuwa a bakin titi, yau kuma masu POS ne a ƙarƙashin irinta. Mai sana'ar ya sami inuwa, kamfanin ya sami allon talla ba haya.

Jadawalin sahur da buɗa-baki yana zama a bango wata guda cur, amma a buga wa kowane gari nasa. Rana na faɗuwa a Maiduguri kusan rabin awa kafin Sakkwato, kuma kamfanin da ya sa mutane suka sha ruwa kafin lokaci ba za a yafe masa da wuri ba.

Hular hana-salla ba kyautar dattijo ba ce. Rigar da tambari ya cika mata ƙirji gona take tafiya. Mafici a raba shi a Maris, laima kafin ruwan farko. Mai yin oda daga Sin ya tuna masana'antunsu na rufewa lokacin bikin sabuwar shekararsu, tsakanin Janairu da Fabrairu. Takardar talla da ake miƙawa a baje kolin titin gidan Zoo kuwa, yawancinta wurin mai tsire take kwana.

Wanda ya gaji kujerata, tsarin littafin na nan a kwamfutar ofis. Idan za a sake bugawa a faɗaɗa layin "an biya", masu shago sun ce ya yi ƙanƙanta, don yawancin mutane kaɗan-kaɗan suke ragewa, ba sa biya a tashi ɗaya.