Filawud: ƙirga falle kafin ka biya

A shagon katako irin namu, mai saye kauri yake tambaya: mili 12 ne ko 18? Amma kauri kaɗai ba ya nuna ingancin filawud, yawan fallen da ke cikinsa da gam ɗin da ya haɗa su ne magana. Sunan ma can ya dosa. Kalmar "ply" da ke cikin "plywood", sunansa na Turanci, daga "pli" ta Faransanci ta fito, wato ninki, tushenta kuma "plicare" na Latin, naɗewa. Turawa na kiran abin da aka jera hawa-hawa da ita: zaren da aka murɗa sili biyu, tishu mai ninki biyu, har da taya. Sai dai 8PR ("ply rating") da ke jikin taya a yau ƙarfin ɗaukar kaya take nufi, ba ainihin yawan shimfiɗun zare ba.

A masana'anta ana jiƙa gungume a ruwan zafi ya yi laushi, a ɗora shi kan injin da ke juya shi, wuƙa na feraye shi kamar ana warware bandir ɗin yadi. A busar da fallayen da aka feraye, a shafa gam, a jera yadda jijiyar kowane falle za ta gitta ta na ƙasansa, sannan a matse da zafi. Gittawar nan ce ƙarfinsa, ita ke hana shi tsagewa. Galibi fallen ba sa zuwa bibbiyu, sai 3, 5, 7, 9, domin jijiyar fuska da ta baya su fuskanci gefe guda. In ba haka ba allon karkacewa zai yi.

Girman allon galibi ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Ka dubi bakin allon ka ƙirga: mili 18 mai falle tara ya fi mai biyar riƙe sukuru. In ka ga ramuka a tsakani, an cika cikin da guntaye ne, can kuma zai lotsa.

Gam iri biyu ne. Na ɗaki ba ya jure laima, damina ɗaya sai fallen su fara ɓanɓarewa. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko allon zuba kankare, mai gam ɗin da ruwa ba ya ci za ka nema, ko da ya fi tsada.

Kada a jingine shi a bango ya daɗe, gantsarewa yake yi. A kwantar da shi kan sanduna uku ko huɗu, kada ya taɓa siminti. Sukuru kuwa in a baki zai shiga, a fara huda masa rami, don kada ya raba fallen.