Taga biyu, suna ɗaya

Akwatin ya iso Garwa a watan Maris, bayan ya sha hanya: jirgin ruwa zuwa Duwala, jirgin ƙasa zuwa Gaundare, sannan babbar mota ta gangaro da shi cikin zafin da ke haura digiri 40 da rana tsaka. HP c7000 ne, mai ɗaukar ƙananan sabobi 16, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran na ofis hidima, kowace siririya, ana zura ta ta gaba kamar aljihun tebur. Su ake ce wa biled, abokan aikinmu da suka yi boko da Faransanci kuma suna cewa "lam". Aikina shi ne in haɗa su da rumbun ajiyar bayanai na ma'aikatar, wanda ya riga ni zuwa wurin da shekaru.

Hanyar da ke tsakanin sabobi da rumbun nan ba irin wayar intanet ba ce. Fibre Channel ce, zaren gilashi mai ɗaukar haske, da suwic biyu na kamfanin Brocade, wato na'urorin da wayoyin ke haɗuwa a cikinsu, masu gudun gigabit 4, ɗaya ana kiransa A, ɗaya B. Da gangan aka raba su, ba waya ko ɗaya tsakaninsu, don in ɗaya ya faɗi ɗayan ya riƙe. Dattijon da ya kafa wannan tsari yana nan, ritaya ta kusa, kowa Baba yake ce masa. Yana da littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa ya yi laushi, inda ya jera da biro lambar kowane katin faiba da ke haɗa na'ura da hanyar. Lambar ita ce WWPN, haruffa da alƙaluma 16, ba kati biyu da ke da iri ɗaya a duniya. Ranar farko ya miƙo mini littafin, ya ce, "Ɗana, karanta wannan kafin ka taɓa komai." Na karɓa da hannu biyu, na ce to Baba, na ajiye a kan tebur. Ina ji da takardar shaida sabuwa fil, me zan koya a littafin biro?

A bayan akwatin, a gurbi na 3 da na 4, akwai ƙananan suwic biyu, don katin faiba da ke ramin farko na kowace biled nan yake ɓullowa. Na yi kwana biyu ina gwaji a cikin akwatin shi kaɗai. Na shata zon, wato iyakar da ke faɗin wane kati ke da izinin ganin wane, na raɗa wa tsarin suna, na kunna shi. Komai ya yi kyau. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, suwic ɗin nan cikakken suwic ne. Yana da lambar yankinsa, yana da dokokinsa. In ka haɗa shi da tsohon, sarakuna biyu ka tara a fada ɗaya. Kowane suwic a haɗaɗɗiyar hanya dole ya riƙe lambar yanki tasa daban, daga 1 zuwa 239, kuma dole dokokin zon na ɓangarorin biyu su jitu kafin a haɗe.

Ranar Alhamis bayan la'asar na soka wayar, saura kwana uku wata ya ƙare, ofishin kuɗi na tsakiyar haɗa albashi. Ko lokacin ma ban zaɓa da hankali ba. Na buga umarnin switchshow, sai ga ƙofar da na soka wa wayar ta nuna an ware ta, dalili rikicin zon. Tsohon suwic ya ƙi baƙon, kuma gaskiya tasa ce. Da na tsaya nan da babu abin da ya lalace, ƙin nan kariya ce.

Ban tsaya ba. Na ce abu mai sauƙi, in kashe dokokin sabon suwic, ya shiga hannu rabbana ya karɓi na tsohon. A kwamfutata taga biyu ne a buɗe, baƙaƙe, rubutu fari, ɗaya na sabon, ɗaya na A. Ban sauya wa sabon suna ba, shi ma tsohon tun da aka kafa shi sunan masana'anta yake ɗauke da shi. Na buga cfgdisable, ya tambaye ni ko na tabbata, na ce e.

Ba a yi minti biyu ba wayar tebur ta yi ƙara.

A tagar A na buga. Kuma an saita hanyar ne yadda in babu zon a kunne, kowa ya daina ganin kowa. Duk sabobin da ke da waya biyu suka karkata ta B, ko tari ba su yi ba, don abin da aka raba hanyar dominsa ke nan. Sai guda ɗaya, sabar ofishin kuɗi. Ita waya ɗaya gare ta, tun wata shekara da aka ari ta biyun ba a mayar ba. Rumbu ya ɓace mata tana tsakiyar rubutu.

Baba ya shigo bai yi faɗa ba, kuma wallahi da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya ja kujera, ya ce in matsa. Dokokin ba su goge ba, kashe su kawai na yi, don haka cfgenable da sunan tsarin ya dawo da hanyar nan take. Ma'ajin bayanan albashin ne ya ci mana dare, har bayan isha'i muna gyara. Da muka gama ya buɗe littafin nan a shafi na huɗu, ya ɗora yatsa. Da jan biro ya rubuta cewa sabar kuɗi hanya ɗaya take da ita, a kan A, kada a taɓa A sai an sanar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya kuma rubuta, ni ne ban karanta ba.

Washegari muka yi abin da ya kamata tun farko. Ƙaramin suwic ɗin yana da wani yanayi da Brocade ke kira Access Gateway, Cisco kuma na da makamancinsa mai suna NPV. In ka kunna shi, suwic ya sauka daga sarauta: ba lambar yanki, ba zon, tsohon suwic yana kallonsa kamar katin saba ne kawai aka soka masa. Ta waya guda kowace biled ke shiga da lambarta, da wata dabara da ake kira NPIV, wadda dole a buɗe ta a ƙofar tsohon suwic. Dokoki suna nan wuri ɗaya, inda suke tun da. A ganina, ga ma'aikata irin tamu mai mutum biyu kacal a ɗakin saba, wannan ce hanya, ko da mai sayar da kaya ya ce cikakken suwic ya fi. Kafin mu fara, Baba ya sa na kwafe saitin A da configupload, na kuma raɗa wa kowane suwic suna mai tsawo da ko makaho ba zai rikita ba.

Sauran aikin haƙuri ne. Zon ɗaya ga kowane kati, shi da ƙofar rumbu, ba a cusa sabobi biyu a zon guda. Sannan a je wurin rumbun a ba kowace saba rabonta, don zon hanya kawai yake buɗewa, rumbu ne ke cewa ga naki. Sabon kayan gigabit 8 ne, ya sauko ya daidaita da 4 na tsohon ba gardama.

Ƙura ce ta ƙara ɓata mana kwana biyu. Wata ƙofa ta riƙa tara kurakurai a porterrshow, lambar CRC mai ƙirga saƙonnin da suka lalace a hanya na hawa kamar farashin gero a bazara. Na zargi kati, na zargi suwic, har na fara lissafin makonnin da sabo zai yi kafin ya zo daga Duwala. Baba ya cire wayar, ya kalli bakinta, ya tambaye ni ina hulunan roba da suka zo da ita. Na zubar tun ranar farko, na bar wayoyin a buɗe a kan tebur ana ƙarshen hunturu. Zuciyar zaren faɗinta mikron 50 ne, gashin kai ma ya fi ta kauri, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare haske. Ya goge bakin da abin gogewarsa, ya mayar, lambar ta tsaya cak.

Ɓangaren B sai da mako ya zagayo muka haɗa shi, ranar Asabar da hantsi, ba kowa a ofis. Sabar kuɗi ma ta sami wayarta ta biyu. Da muka gama Baba ya ce in buɗe kowace biled in ƙirga hanyoyinta zuwa rumbu, sannan ya zagaya bayan akwatin ya zare wayar A da hannunsa, ya tsaya yana kallon agogo. Minti biyar ba abin da ya motsa. Ya mayar, ya zare ta B. Sannan ya turo mini littafin da biro, ya ce, "Shafi na tara naka ne. Lambobi 32, ka rubuta a hankali, sifili kada ya yi kama da D."