Abin da Aiki Ya Koya Mini Game da Madubin Saitin Ƙaramar Bindiga

Yawancin masu kawo bindigar .22, wato ƙaramar bindiga mai faɗin bututu kusan inci 0.22, teburin gyara ƙorafinsu ɗaya ne: madubin saitin ba shi da kyau, yau harsashi ya faɗa nan, gobe ya faɗa can. Abin da aikin ya koya mini shi ne da wuya laifin ya zama na gilashin kansa. Ko dai an sayi madubin da aka ƙera don wata irin bindiga, ko kuma an ɗora shi da gaggawa.

Komai daga harsashin yake farawa. Harsashin .22 LR, wanda kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887, sinadarin da ke kunna albarushinsa a gefen gindin kwanso yake, allura ta daki gefen ya tashi. Don haka dole kwanson ya zama marar kauri, ba ya ɗaukar matsi mai yawa. Galibi dalmarsa ba ta wuce giram biyu da rabi da ɗan ɗoriya ba, tana fita da gudun mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa, gwargwadon nau'i. Idan ka saita a yadi 50, kafin ta kai yadi 100 ta sauka da inci biyar zuwa takwas. Bindigar kusa ce, yawancin aikinta tsakanin yadi 25 ne zuwa 75. Wanda ya riƙe wannan a ransa, rabin zaɓen madubi ya ƙare masa.

Sauran rabin shi ne faralas, kuma a nan gizo ke saƙar. A cikin madubi, hoton abin da kake aunawa da gicciyen saiti dole su faɗo a wuri guda. Idan ba su haɗu ba, da ka ɗan gusa da ido sai gicciyen ya yi yawo a kan takardar. Kamar allurar gudun mota ce: direba yana ganin 80, na zaune a gefensa yana ganin wani abu daban, alhali allurar ba ta motsa ba. Madubin manyan bindigogi galibi a yadi 100 masana'anta ke daidaita shi, na ƙananan kuwa a 50 ko 60. Mutum ya ɗauko na babbar bindiga mai tsada, ya ɗora a kan .22, ya tsaya a yadi 25, sannan ya yi ta mamakin yadda ramukan suka watse.

Gwajin ba shi da wuya, kuma nakan sa mai bindigar ya yi da kansa, don gani ya kori ji. A kwantar da bindigar a kan buhun yashi, a ɗauke hannu, a leƙa, a kaɗa kai sama da ƙasa a hankali. Idan gicciyen ya zauna daram, lafiya. Idan yana lilo, to duk lokacin da kumatunka ya sauya wurin zama a jikin katakon, harsashi zai sauya wurin faɗuwa. Shi ya sa idan kuɗin mutum ya isa abu ɗaya kawai, nakan ce ya sa shi a madubin da ake iya gyara faralas ɗinsa, ko ta zoben gaba ko ta maɓallin gefe, ya kuma duba cewa yana saukowa har yadi 10 ko 15.

Girman hoto kuwa, mutane na son manyan lambobi. Ga mai harbin gwangwani ko ƙananan namun daji, 2-7x32 ko 3-9x40 (lambobin farko ninkin girman hoto ne, ta ƙarshe faɗin gilashin gaba a milimita) sun isa har da saura, kai ko 4x marar juyi ma, wanda ninkinsa huɗu ne ba ya sauyawa. Mai gasa a kan tebur, wanda ke son ganin ramin da bai kai milimita shida ba daga mita 50, shi ne ke da hujjar neman ninki 18 ko 24. Abin da mai saye ba ya lura da shi shi ne ƙaton gilashin gaba yana tilasta dogayen zobba, waɗanda ke riƙe madubin a kan bindiga. Madubi ya tashi sama, kumatu ya bar katako, kai ya riƙa reto a iska, matsalar faralas ɗin nan ta dawo ta bayan gida. Zobba mafi gajarta da za su bar gilashin gaba bai taɓa bututu ba, hannun sakata, da ake ja a ɗura harsashi, kuma ya wuce ba tare da ya gogi madubin ba, su ne daidai.

Kafin sayen zobban, a duba saman bindigar. Ƙananan bindigogi da yawa suna zuwa da siririyar hanya da aka sassaƙa a jikinsu, kuma iri biyu ce: ta inci 3/8 da aka saba gani a na Amurka, da ta milimita 11 ta Turai, irin wadda ke kan bindigar CZ 457. A ido kamar ɗaya suke, amma kusurwar yankan ta bambanta. Zoben wannan zai iya hawa kan waccan, har ya yi kamar ya kama, amma a karkace yake zaune, ko ya riƙa zamewa kaɗan-kaɗan. Haka tsakanin Weaver da Picatinny, wasu hanyoyin ɗora madubi biyu masu tsage-tsage: tsagar Picatinny ta fi faɗi, don haka zoben Weaver yakan shiga Picatinny, na Picatinny kuwa sau da yawa ba ya shiga Weaver. Jikin madubin ma ko inci ɗaya ne ko milimita 30, zobe ya dace da shi.

Wurin ɗaurin ne na fi ganin ɓarna. Bindigar .22 ba ta da wani naushi a kafaɗa, amma sai ka ga an murɗe sukurori kamar za a ɗaure tayar tirela. Yawancin masu ƙera zobba suna ba da awon ƙarfin ɗauri na inci-fam 15 zuwa 18 ga sukurorin sama, abin da yatsu uku ke iya yi. Wuce haka yana lotsa jikin madubin, kayan cikinsa su cije, ka juya maɓalli gicciye ya ƙi tafiya. A bindigar Ruger 10/22, wadda gangar jikinta alminiyam ce, zaren ramin sukurin ne ke cinyewa. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Sukundireba mai auna ƙarfin ɗauri ta fi kowane kayan aiki amfani a teburina.

Tsarin da nake bi, bayan na tabbatar babu harsashi a ciki: in goge mai daga sukurori da zobba, in ɗora madubin sako-sako, in kai shi ƙarshen ninkinsa. Sai mai bindigar ya rufe ido, ya ɗora ta a kafaɗa yadda ya saba, sannan ya buɗe. Idan ya ga baƙin da'ira ta kewaye hoton, madubin za a tura gaba ko baya, ba wuyansa ba. Daga nan in rataya zare mai nauyi a nesa, in daidaita bindigar da lebur, in juya madubin har layin tsaye na gicciyen ya kwanta a kan zaren. Sukurori kuma ɗaya nan ɗaya can, kaɗan-kaɗan, ina duba tazarar gefe biyu na zoben ta zama daidai.

Saitin farko a yadi 25 ake yi. Idan mai sakata ce, a zare sakatar, a leƙa ta cikin bututu a nemo tsakiyar takarda, a kawo gicciye wurin. Sannan harbi biyar, a gyara daga tsakiyar tarin ramukan, ba daga rami ɗaya ba. Lissafin maɓallin matsar da gicciye na rikita mutane: ƙas ɗaya na juyinsa da aka rubuta rubu'in inci, a yadi 100 ake nufi. A yadi 50 rabin haka yake tafiya, a 25 kuwa sai ƙas goma sha shida kafin ka matsa inci ɗaya.

Bayan duk wannan, .22 tana da zaɓen harsashi. Kwali biyu masu nauyi ɗaya daga kamfani daban-daban za su iya faɗuwa wuri daban, kuma da yake dalmar na da shafen kakin da ke zama cikin bututu, idan ka sauya nau'i ko ka wanke bututun sai ka yi 'yan harbe-harbe kafin ta natsu. Don haka nakan ce wa mai bindiga ya saita da harsashin da zai riƙa amfani da shi, ranar da iska ta kwanta, ya rubuta sunansa da nisan a takarda ya manna cikin murfin madubin.